Zuwa ga ɗana, kan zancen 'yan fada, wato 'yan Katolika

Ɗana,

Bayan gaisuwa, mamarka ta ce yajin ya iso? Na karanta takardar da za ka gabatar a makarantar Baibul, inda ka ce 'yan Katolika ba wa'azi suka yi ba, tara kawuna suka yi. Ka ɗan sassauta alƙalami.

Zargin ya girme mu duka. Tun da 'yan mishan na SUM (Sudan United Mission, ƙungiyar Furotesta) suka sauka Wase a 1904, fada-fada, wato limaman Katolika, kuma suka zauna Shendam a 1907, namu 'yan Furotesta ke cewa: suna gaggawar baftisma, suna rataya wa mutum rozari, carbin Katolika, ya ɗauka sabuwar laya ce, a lokacin suna sujada da Latin wanda ko katikis, mai koyar da masu neman baftisma, bai ji, ba sa kuma hana burkutu. Mu kuwa kakanka ya shekara biyu a ajin baftisma, sai da ya fasa tulun giyarsa a gaban dattawa, ya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, da yatsa bisa layi. Har ya rasu yana alfahari da wannan.

Akwai ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Francis Xavier, shahararren ɗan mishan na Katolika, da kansa ya rubuta cewa a 1544 ya yi wa mutum fiye da 10,000 baftisma cikin wata guda a gaɓar tekun Indiya ta kudu. Wane koyarwa aka yi a wata guda?

Amma ba ka ambaci fada-fadan ƙungiyar da Kadinal Lavigerie ya kafa ba, waɗanda a Uganda suke sa mai neman baftisma ya jira shekara huɗu. Sun fi mu tsanani ke nan. Ka kuma ce da makaranta da magani suka jawo mutane. To mu da me muka jawo su? Ni a ɗakin shan maganin mishan na fara jin sunan Yesu, ana wanke mini gyambo, ina ihu. Laifi tudu ne.

Ka tuna ƙanwar mamarka 'yar fada ce, ita ta yi jinyarka lokacin ƙyanda. Kafin ka miƙa takardar, ka je ka zauna da katikis ɗin garin, ka tambaye shi wata nawa suke koyar da mutum yanzu. Abin da ya faɗa ka rubuta, ko da ya ɓata maka sakin layi na uku.

Kuɗin makaranta sai an sayar da masara.

Babanka