Takobin Swordquest da Ba a Bai wa Kowa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran tsofaffin na'urorin wasan bidiyo, kuma ina son matasanmu su ji labarin Swordquest, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1982. Wasanni huɗu aka tsara, kowanne da gasa mai kyautar da ta kai darajar dala 25,000, sannan takobi na dala 50,000 ga zakaran zakaru. Kowane kaset yana zuwa da littafin zane na DC Comics. Wasan ya nuna maka lambobin shafin littafin, kai kuma ka duƙufa a shafin kana laluben kalmar da aka ɓoye cikin zanen.

A wasan farko, Earthworld, an ba da layar zinare, a na biyu, Fireworld, kuma kofi mai ado da duwatsu masu daraja. Sai kasuwar wasannin ta rushe a 1983. Wasa na huɗu, Airworld, bai fito ba a lokacin, takobin kuwa ba wanda ya karɓa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da iyayensu suka sayi kaset saboda wannan alkawari. Yau ma wasannin waya suna ta kwaɗaitar da yaranmu da kyaututtuka. Ina roƙon hukuma ta tilasta wa duk mai sa gasa ya damƙa kyautar a hannun amintacce kafin ya karɓi kwabon kowa.

Naku,
Wani mai gyara daga Kano