Maigidana ya ƙi yarda a duba masa furostet, ya zan yi?

Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah in za a karanta wasiƙar nan a shiri a sakaya sunana.

Maigidana shekararsa 57, yau kusan shekara 2 kenan fitsari ya hana shi barcin kirki, a dare ɗaya sai ya tashi sau 4 wani lokacin har 5, in ya shiga banɗaki sai ya daɗe kafin fitsarin ya fara zuwa, in ya zo ma ba ƙarfi yana yankewa yana dawowa, ya fito ba a jima ba ya ce shi fa ji yake da saura. Ni nake masa wanki, ina ganin ɗigo a wandonsa amma ban taɓa nuna masa na gani ba.

Watan jiya fitsarin ya tsaya cak tun yamma har tsakar dare, mararsa ta kumbura yana ta haɗa gumi, wallahi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. A asibiti sai da aka sa masa roba sannan ya samu sa'ida. Likitan ya ce furostet ne, wani ɗan ƙululu da ke ƙasan mafitsara ya zagaye hanyar fitsari, shi yake samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi, kuma in namiji ya haura 50 yakan ƙara girma ya matse hanyar. Ya ce yawanci ba kansa (ciwon daji) ba ce amma dole a tabbatar. Ya ba shi wani magani tamsulosin, ya rubuta gwajin jini na PSA, sannan ya ce zai duba shi da yatsa ta dubura. To nan fa aka ɓata. Tunda aka cire robar ya ce shi da asibiti har abada, wai da girmansa ba mai masa haka, gwajin jinin ma ya ƙi zuwa.

Abinda yake hana ni barci shi ne yayansa uwa ɗaya uba ɗaya kansar furostet ce ajalinsa, ba a gano ba sai da ta shiga ƙashin bayansa, kuma na ji an ce in ɗan'uwa na jini ya yi haɗarin ya fi yawa, kuma ta fi kama baƙar fata. Shi ma ya sani, ina ganin tsoro ne yake ɓoyewa a bayan kunyar.

Likita dan Allah, PSA da sikanin kaɗai za su iya wadatarwa ko wannan duba da yatsan dole ne? In PSA ya hau shikenan kansa ce? Sannan maganin yana sa shi jiri in ya miƙe da sauri, kuma ya ce maniyyinsa ya ragu sosai, har ya fara tsallake sha, in ya daina shan maganin, fitsarin zai kuma tsayawa?

Babbar damuwata dai ta ina zan ɓullo masa. Duk sanda na tada zancen sai ya ɗaure fuska ya fita, ni kuma bana son in kai maganar gaban yara ko abokansa ya ga na tona masa asiri. Da yamma yake jin shirinku, in da hali ku yi maganar kai tsaye ko zai ji daga bakinku.

Nagode, Allah ya saka da alheri.