Rasta daban, 'yan Dude daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Dan Allah a bani ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da nake yawan ji, wai Rastafari da wannan abun da ake kira Dudeism duk kanwar ja ce, wai dukansu mutane ne masu busa wiwi su miƙe ƙafa su ce duniya ba ta dame su ba. Ni dai ba na bin ko ɗaya a cikinsu, amma gaskiya wannan haɗin akwai rashin adalci a ciki, kuma Rasta aka zalunta.

Shi Dudeism fa daga fim ya fito. A 1998 Joel da Ethan Coen suka fitar da The Big Lebowski, Jeff Bridges ya fito a matsayin wani mutum a Los Angeles da ake ce ma Dude, ba aiki ba sana'a, yana yawo da rigar wanka, abun da ya sa a gaba kawai wasan bowling da abokansa. A farkon fim ɗin ma cek ya rubuta na santi 69 a kanti don ya sayi madara, ka ga irin mutumin kenan. Sai a 2005 wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Oliver Benjamin da ke zaune a Chiang Mai ta ƙasar Tailan ya ɗauki halin mutumin nan ya cakuɗa da koyarwar masana falsafa na zamanin da, Lao Tzu na Sin da Epicurus na Girka, ya ce ga addini. In kana so ka zama limaminsu, ka hau intanet ka cike fom, kyauta, shikenan ka zama. Ranar bikinsu ma 6 ga Maris ce, ranar da fim ɗin ya fito.

Toh shi Rastafari ba a sinima aka haife shi ba. A Jamaika ya taso a shekarun 1930 lokacin Turawan Ingila na mulki, tsakanin jikokin bayi talakawa futuk waɗanda Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Jamaika, ya riga ya cusa musu son Afirka, da aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin Habasha ranar 2 ga Nuwamba 1930 da sunan Haile Selassie sai wasu suka ce ai alkawarin da ke cikin Baibul ne ya cika. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan maganar. Leonard Howell, ɗaya daga cikin masu wa'azin farko, an ɗaure shi a 1934 bisa zargin tunzura jama'a, ƙauyen Pinnacle da ya kafa a 1940 'yan sanda suka tarwatsa shi a 1954. A 1963 bayan wani rikici a Coral Gardens kusa da Montego Bay aka bi 'yan Rasta ana kamawa ana duka ana aske musu gashi da ƙarfin tsiya, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma sai a 2017 gwamnatin Jamaika ta fito ta nemi gafara. Dan Allah wa aka taɓa askewa saboda Dudeism?

Eh akwai inda suka yi kama, ban musa ba. Dukansu ba su da wani shugaba guda da kowa ke bi, dukansu suna ganin gudun neman kuɗi ba dare ba rana hauka ne. Amma dalilin fa? Ɗan Rasta yana kiran tsarin da ya bautar da kakanninsa Babila, so yake ya rushe, burinsa komawa Afirka, kuma wasu sun koma ɗin da gaske, suna garin Shashamane na Habasha a filin da Selassie ya bayar a 1948. Shi kuwa ɗan Dude ba ya son komai ya rushe, so yake a ƙyale shi ya huta. A fim ɗin ma abun da ya tashe shi daga kwance dardumarsa ce da wasu 'yan daba suka yi ma fitsari.

Sannan masu ganin Rasta sakaka yake ba su duba ba. Akwai doka sosai, abincinsu na ital ba naman alade, da yawa ba sa cin nama kwata-kwata, ba gishiri, ba giya, barin gashin ma ba aski wa'adi ne da suka ɗauko daga Littafin Ƙidaya na Baibul. 'Yan Bobo Ashanti, wani reshe na Rasta, rawani suke naɗawa, suna kiyaye ranar Asabar, suna ɗaura tsintsiya su sayar don su ci da guminsu. Shi ko Dude wuni yake da kofin giyar White Russian a hannu. Ko wiwin da ake ta magana, a wurin Rasta da addu'a ake farawa a zauna a tattauna, shi ya sa dokar Jamaika ta 2015 ta ware musu amfani da ita a ibada, kuma akwai 'yan Rasta da ba sa sha sam.

Kar a ce na wanke su tas. Selassie ɗin da wasunsu ke ɗauka Allah, shi kansa Kirista ne na cocin Orthodox ta Habasha, bai taɓa cewa shi Allah ba ne, kuma yunwar yankin Wollo na Habasha na cikin abun da ya jawo sojoji suka kifar da shi a 1974. Ga kuma yadda wasu rassansu ke tura mata baya, wannan ma abun faɗa ne. Su kuma 'yan Dude ba su cuci kowa ba, shawarar a rage zafin kai ba laifi, illa dai shawara ce da ta fi sauƙin bi ga wanda ya riga ya biya kuɗin haya.

Roƙona ga jaridarku, in za ku kawo labarin Rasta nan gaba a taimaka a sa hoton Pinnacle ko Shashamane, hoton mai hayaƙi a baki ya isa haka.

Naka,
Mai karanta ku a kullum