Bikin Filfilo na Indiya Ba Wasan Yara Ba Ne

Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoton da kuka buga a shafin baya, wanda ya nuna sararin samaniyar birnin Ahmedabad na jihar Gujarat cike da filfilon takarda launi-launi, irin wanda ake ɗaura wa dogon zare a sake shi ya tashi sama, aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa wasan yara ne na ƙasar Indiya. Hoton ya yi kyau, amma bayanin ya rage wa al'amarin daraja, ya kuma bar abin da ya fi dacewa mai karatu ya sani.

Sunan bikin Makar Sankranti, mutanen jihar Gujarat kuma suna kiransa Uttarayan, wato tafiyar rana zuwa arewa. Yawancin bukukuwan mabiya addinin Hindu lissafin wata suke bi, wannan kuwa da rana yake tafiya, shi ya sa yake faɗowa 14 ga Janairu, wata shekarar 15. A wurinsu daga ranar ce hunturu yake fara ja da baya, yini ya ƙara tsawo, amfanin gona ya shigo gida. Masana taurari dai sun nuna cewa rana tana juyawa arewa tun wajen 22 ga Disamba, sai dai al'ada ta riƙe tsohon lissafinta.

Manya ne kan gaba a wannan rana. Tun da safe iyali sukan hau rufin gida da tulin filfilo, wanda suke kira patang, ɗaya yana riƙe da kwarkwaron zare yana saki, ɗaya yana sarrafa filfilon da 'yan yatsunsa da ya naɗe da filasta, ana ta zagayawa da alewar riɗi da mazarƙwaila. Burin kowa shi ne ya gitta zarensa da na maƙwabci ya tsinke shi, kuma da zarar haka ta faru sai rufin ya kaure da ihun "kai po che", ma'ana na yanke, yara kuma su bi filfilon da ya tsinke lungu-lungu da dogayen sanduna. Tun 1989 Ahmedabad take karɓar baƙi daga ƙasashen waje domin gagarumin bikin filfilo na duniya, kuma abin sha'awa, da yawa daga masu haɗa filfilon nan a unguwar Jamalpur Musulmi ne da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne zaren. Domin ya yi kaifi, ana shafa masa manne gauraye da garin gilashi, a kira shi manja, kuma da aka shigo da na roba, wanda ba ya tsinkewa cikin sauƙi kuma ba ya ruɓewa, sai ya zama wuƙa mai rataye a iska. Kowace shekara yakan yanki masu babur a wuya, har da asarar rai, abin da ya sa wasu suke ɗaura lanƙwasasshiyar waya a gaban babur domin kariya. Tantabaru da shirwa da ungulu kuwa fukafukansu yake sara. A 2017 kotun kare muhalli ta Indiya ta haramta zaren roban, a shekarar ce kuma gwamnatin Gujarat ta fara shirin Karuna Abhiyan na jinyar tsuntsayen da suka ji rauni, tana roƙon jama'a su guji tashin filfilo da sassafe da almuru, lokacin fitar tsuntsaye da komawarsu. Duk da haka ana ci gaba da sayar da zaren a ɓoye, 'yan sanda suna ta kame.

Roƙona shi ne, idan Allah ya kai mu Janairu mai zuwa, a ba wannan biki ko da rabin shafi ne, a haɗa da labarin zaren.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum