Wasiƙa daga Sakkwato: Abin da Za Ka Lura da Shi a Gasar Raketbol ta Maza

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yara. Mutanen gida suna gaishe ka. Nan Sakkwato hunturu ya fara sauka, ƙura ta rufe gari.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka zauna kallon gasar duniya ta raketbol, wasan da ake buga ƙwallo a jikin bango da raket (matamfaci mai zare) a cikin rufaffen ɗaki, ɓangaren maza na ɗai-ɗai, amma ƙwallo ta fi idonka sauri, har ka rasa dalilin da wani ke ci wani ke faɗuwa. Shawarata ita ce ka daina bin ƙwallo. Ka bi ƙafafun mutanen nan biyu, ka ga wa ya riƙe tsakiyar ɗaki, domin nan ake raba gardama.

Ɗakin wasan tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa 20, tsayinsa 20. Kada ka haɗa shi da skwash, wani wasan ɗaki mai kama da shi. Babu raga, babu ƙarfen nan na ƙasan bango da skwash ke da shi, kuma silin ma wurin bugu ne. Ƙwallon roba ce mai iska a ciki, faɗinta inci biyu da kwata, raket kuwa ba ya wuce inci 22, kuma dole a ɗaure igiyarsa a wuyan hannu. Tabarau na kariya wajibi ne, don manyan 'yan wasa suna harba ƙwallon da gudun da ke kai mil 150 a awa. Doka ɗaya ce ginshiƙi: ka mayar da ita bangon gaba kafin ta taɓa ƙasa sau biyu, kuma kada ta taɓa ƙasa a hanyarta ta zuwa. Duk bangon da ta bi kafin ta isa, ya halatta.

Layuka uku za ka gani a ƙasa. Na farko ƙafa 15 daga bangon gaba, na biyu ƙafa 20, wato tsakiyar ɗaki, kuma tsakaninsu mai sabis, wato mai bugun farko, ke tsayawa. Na uku mai ɗigo-ɗigo yana ƙafa 5 bayan na tsakiya, mai karɓa ba zai ƙetare shi ba sai ƙwallo ta sauka ƙasa ko ta wuce shi. Sabis ya fara taɓa bangon gaba, sannan ya sauka bayan layin tsakiya. In ya gaza layin, ko ya kai bangon baya bai sauka ba, ko ya taɓa silin, ko ya bi bango uku a sama, ya ɓaci.

Wurin da na ce ka sa wa ido shi ne taku ɗaya ko biyu bayan layin ɗigo-ɗigo. Wanda ya tsaya nan, kowane lungu na kusa da shi. Wanda aka tura bangon baya kuwa yana da ƙafa kusan 40 tsakaninsa da inda zai buga, kuma abokin karawarsa na gabansa yana jira. Kamar kokawa ce: kafin kayarwa akwai kamu, kuma mai ido tun daga kamu yake sanin wanda zai sha ƙasa.

Shi ya sa sabis ke da nauyi haka. Akwai na harbi, wanda ake bugawa ƙasa-ƙasa da ƙarfi zuwa lungun baya, yawanci ta gefen bayan hannun mai karɓa. Kyawunsa ya sauka dab da bayan layin tsakiya, ya sake sauka kafin ya kai bangon baya. In aka ɗaga shi ko da tafin hannu ɗaya ne a bangon gaba, sai ya daki bangon baya ya dawo tsakiya a hankali, mai sabis ya zama shi ya ba da wuyansa. Akwai na lilo, wanda ake ɗagawa sama a hankali ya faɗo lungu, don a tilasta wa mutum bugu daga saman kafaɗa. Akwai kuma mai zana harafin Z: ya daki bangon gaba kusa da kusurwa, ya kama bangon gefe, ya ratsa ɗaki ya sauka can baya, ya taɓa ɗaya bangon, sannan ya fito a kwance yana bin bangon baya. In bai yi zurfi ba, tsakiya yake fitowa, kuma ya zama kyauta. Ka lura gwani ba ya canza takunsa ko yadda yake sakin ƙwallo, ko wanne zai buga, don kada a karance shi.

Mai karɓa yana da zaɓi biyu: ya kai hari ko ya kare kansa. In sabis ya yi kyau, ba ya neman kisa. Yana aika ƙwallo silin, ƙafa biyu zuwa huɗu kafin bangon gaba, ta sauko ta daki bango, ta yi tsalle sama ta faɗa can baya. Wannan ya kori mai sabis daga tsakiya, shi kuma ya shiga. Za ka ga an yi ta musayar bugun silin sau biyar, sau shida, kamar ba a son ci. Haƙuri ake gwadawa. Wanda ya fara yin gajere, ƙwallo ta tsaya tsakiya. Wanda ya cika ƙarfi, ta fito daga bangon baya. Ko wanne ya faru, an buɗe ƙofa.

Sai bugun kisa, irin yadda 'yan dambe ke cewa. Ana barin ƙwallo ta sauko zuwa gwiwa ko ƙasa da haka, a durƙusa, a buge ta a kwance ta daki bangon gaba 'yan inci kaɗan daga ƙasa. Wani lokaci ba ta ko tashi, gangarowa take yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa: mutum ya buge ta tana daidai ƙirji, yana son ya danna ta ƙasa. Ko dai ta taɓa ƙasa kafin bango, ya yi asarar maki, ko ta daki bango ta yi tsalle sama ta zo wa abokin karawa a hannu. Bugun lungu ɗan'uwan kisa ne, sai dai bangon gefe yake fara taɓawa, kuma ana yin sa in abokin karawa yana baya. In yana gaba, sai a wuce shi ta jikin bango ko a ratsa ɗaki. A ganina wanda ya iya wucewa ya fi wanda ya iya kisa daɗewa a gasa, don kisa yana buƙatar hannu ya kasance daidai kullum, kuma hannu na gajiya.

Gasar kanta Hukumar Raketbol ta Duniya, IRF, ke shirya ta. An fara a 1981 a Kalifoniya, yanzu kuma galibi duk bayan shekara biyu ake yi. Galibi ana somawa da rukuni-rukuni don a jera 'yan wasa, sannan a shiga matakin da in ka faɗi ka fita. Waɗanda suka faɗi a wasan kusa da na ƙarshe duka biyun tagulla suke samu. A da mai sabis kaɗai ke cin maki, turmi biyu zuwa 15, in an yi kunnen doki a yi na uku zuwa 11. Daga 2022 aka koma kowace musaya maki ce, ko wa ya yi sabis. Yanzu turmi biyar ne zuwa 11, da tazarar maki biyu, wanda ya ci uku ya wuce. Wannan ya canza lissafi sosai. Da mai karɓa ne ke tsoron kuskure, mai sabis in ya yi ganganci sabis kawai zai rasa. Yanzu kowane ganganci da farashinsa, kuma wanda aka ba tazarar maki huɗu a farkon turmi da wuya ya farfaɗo.

Sunan da za ka fi ji shi ne Rocky Carson na Amurka, wanda ya ci kambun nan sau biyar a jere, daga 2008 zuwa 2016. Ka nemi wasanninsa, za ka ga abin da nake nufi da haƙuri da wucewa. Bayansa Rodrigo Montoya na Meziko ya ci a 2018, Alejandro Landa a 2021, sai Conrrado Moscoso na Bolibiya a 2022 a San Luis Potosí ta Meziko. Moscoso ɗan Sucre ne, gari mai tudu ƙwarai, kuma a kan tudu iska ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi gudu. Zafi ma haka yake sa ta ƙara tsalle. Da za a buga a nan cikin watan Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyi, dole mai bugun silin ya rage hannu. Ƙurar hunturu kuma sai an yi ta goge daɓe, kamar yadda za ka ga ana tsayar da wasa a share gumi, don wuri mai santsi shi ke karya idon sawu.

Abu na ƙarshe shi ne gardamar tare hanya, wadda ita ce ta fi rikita mai kallo. In an yi karo ba da gangan ba, alƙali yakan ce a sake. Amma in mutum ya ƙi matsawa, ya hana abokin karawarsa bugun kai tsaye ko na ratsa ɗaki, to ya faɗi musayar. In ka ga ɗan wasa ya ɗaga hannu yana ci gaba da gudu, alama ce yana da ƙorafi, ko dai an tare masa gani ko yana ganin ƙwallo ta sauka sau biyu. Bayan musaya zai kai kuka, alƙalan layi biyu su nuna ra'ayinsu da babban yatsa, sama ko ƙasa.

Ka sake kallon wasan ƙarshe, ka ƙidaya sau nawa kowannensu ya yi bugu daga bayan layin ɗigo-ɗigo da nisa, sannan ka rubuto mini abin da ka samu. Ka gaishe da mai ɗaki da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Sakkwato