Zuwa ga uwar yaron da ya ci maki 58

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce kin kira shirin rediyon da aka gayyace ni, ana saura minti biyu a rufe fili. Kika ce an yi wa ɗanki mai shekara 14 gwajin basirar nan da ake kira IQ, takarda ta nuna 58, aka ce miki ya yi ƙasa ƙwarai. Sai kika tambaya: "Malama, ke nan har abada ba zai iya riƙe kansa ba?" Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya yi sallama. Ban san sunanki ba, shi ya sa na rubuto a nan, ko Allah zai sa wani ya karanta miki.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, 58 ƙasa ne. An tsara gwajin ne yadda 100 zai zama tsakiya, kuma a cikin mutum 100 kusan biyu ne kawai ke faɗawa ƙasa da 70. Amma ƙasan ma hawa-hawa ne. Daga 50 zuwa 69 shi ne mataki mafi sauƙi, kuma a nan mafi yawan masu wannan lalura ta ƙarancin basira suke, kusan 85 cikin 100. Irinsu kan iya kaiwa karatu da lissafin ƙarshen firamare idan an bi su a hankali, suna wanka da sa kaya da kansu, suna sana'a, da yawa suna aure. Wanda makinsa ya gaza 35 shi ne ke buƙatar mai kula da shi kullum, wanda ya gaza 20 kuwa har ci da tsarki sai an yi masa. Ɗanki yana nesa da can. Kuma ba taɓin hankali ba ne, kada ki bari a ɗaure miki shi da sunan magani.

Ki san kuma abin da aka auna. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin a Faransa, don a gano yaran da darasin aji ke wucewa ta kansu a taimaka musu. Ga abin da gwajin na yau yake dubawa: ma'anar kalmomi, maimaita lambobi, jera 'yan katakai su yi daidai da zane, da saurin aiki. Da wane harshe aka tambayi ɗanki? Idan da Turanci ne alhali Hausa yake ji, an haɗa masa jarrabawa biyu a zama ɗaya. Ko an yi komai daidai, makin kan goce da kamar biyar sama ko ƙasa. Shi ya sa a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jihar Florida kafewa a kan 70 cif wajen tantance wanda ke da lalurar a shari'ar kisa. Tun 2013 ma littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na can ke aiki da shi ya koma auna tsananin lalurar da yadda mutum ke gudanar da rayuwarsa: fahimta, mu'amala, da hidimar yau da kullum.

Na taɓa koyar da wani yaro da makinsa ya yi kusa da na ɗanki. Shekara uku muna fama da jadawalin sau, bai zauna ba. Kawunsa mai faci ya ɗauke shi. Wata shida bai ba shi komai ba sai cire tayar babur da tsoma tub a ruwa a nemo inda yake kumfa. Da hannu ya faɗa, aka ƙara masa kankarewa, sannan manna faci. Yau magidanci ne, kuma in ka ga yana aiki ba za ka ce akwai wani abu ba. Inda abin ke fitowa shi ne ranar da aka miƙo masa dubu ɗaya a aikin ɗari uku da hamsin. Sai ya tsaya yana murmushi, ya buɗe tafin hannu da kuɗin ya ce wa mai babur, "Ɗauki canjinka." Masu tsoron Allah su ɗauki nasu. Wasu kuwa, kin sani.

Nan ne nake so ki sa ido, don nan ne ramin yake. Aikin da aka saba yi kullum ba ya gagarar su. Abin da ke kayar da su shi ne sabon abu: motar da ya saba hawa ta canza hanya, magani aka ce sau uku a rana na kwana biyar, wani ya kira waya ya ce daga banki ne a karanto masa lambobin kati. Ga kuma "to". Yaron da ya sha jin dolo da daƙiƙi tun yana ƙarami yakan koyi ɓoye rashin ganewarsa, komai aka faɗa ya ce to. Da wannan "to" ɗin ake aiken su da kayan da ba su san mene ne ba, ake sa su dangwala yatsa a takarda, har su amsa laifin da ba su yi ba. Idan kin ba shi saƙo, kada ki ce "Ka gane?" Ce masa ya maimaita miki, ko ya nuna miki da hannu. Saƙo ɗaya a aike ɗaya. Gishiri yau, gishiri da magi sai wani makon.

Mu da muka tashi da karatun allo ma bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A farkon Suratun Nisa'i an hana danƙa dukiya ga wanda bai iya tattalinta ba, amma aka ce a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a yi masa magana mai daɗi. Ayar da ke biye ta ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu. Jarrabawar a aikace ake yin ta, kaɗan-kaɗan, ana kallo.

A muryarki na ji kamar kina tuhumar kanki. Dalilan suna da yawa: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin aidin a abinci, ko gubar dalma irin wadda ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ta bar wasu da naƙasa. Sau da yawa ma likita ba ya gano dalilin. Abin da ke hannunki shi ne ki kai shi a duba kunnensa da idonsa, a kuma bincika ko yana da farfaɗiyar nan mai sa yaro ya yi shiru yana zare ido na 'yan daƙiƙoƙi. Na ga yaran da aka yanke wa hukunci alhali ji ne ba sa yi sosai.

Wannan makon ki ajiye takardar a ƙasan akwati, ki ɗauki littafi. Rubuta abin da yake yi shi kaɗai, abin da yake yi in an tuna masa, da abin da bai iya ba tukuna. Ki lura da abin da hannunsa ke so, ko kaji, ko guga, ko keke. An ce za a sake gayyata ta shirin. In kin ji ni, ki kira da wuri, littafin yana hannunki.

Wassalam,
'Yar'uwarki, tsohuwar malamar ajin yara masu buƙata ta musamman.