Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Kwamitin Olamfik Na Duniya, Kirsty Coventry

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ki murnar kujerar da kika hau a ranar 23 ga Yuni, 2025, a matsayin mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci wannan kwamiti. Na rubuto ne a kan wasu mutane da ba a kiran sunansu idan ana rabon lambobi: malaman motsa jiki da masu horarwa na makarantun sakandare da kwalejoji, da kuma 'yan wasan da suka yi tashe a gasar yankinsu, amma tauraruwarsu ba ta ƙetare iyakar yankin ba.

Ke ba baƙuwa ba ce a wannan zance. Kafin duniya ta san ki da zinaren ninƙayar rigingine ta mita 200 a Atina a 2004, da maimaita shi a Beijin a 2008, sai da kika yi makaranta a Harare, sannan kika wakilci jami'ar Auburn ta Amurka a gasar jami'o'i. Lambobi 7 cikin 8 da Zimbabuwe ta taɓa samu a Olamfik naki ne. Kin san waɗanda suka riƙe miki agogo a bakin ruwa tun ba a san za ki zama wani abu ba. Mu dai ba mu san yawancinsu ba, kuma rashin sanin nan shi ne kukana.

Duk wanda ya bi tarihin manyan 'yan wasa zai tarar da malamin makaranta a gindin labarin. Jesse Owens, wanda ya kwashi zinare 4 a Berlin a 1936, Charles Riley ne ya gano shi a ƙaramar sakandaren Fairmount da ke Cleveland. Yaron yana aikin neman kuɗi bayan an tashi daga makaranta, don haka Riley ya riƙa horar da shi da sassafe kafin a shiga aji. Ranar da Owens ya fi ba mutane mamaki ma a gasar jami'o'in yanki ce, a Ann Arbor, ranar 25 ga Mayu, 1935, inda cikin kimanin minti 45 ya kafa sabon tarihin duniya har sau 3, ya kuma yi kunnen doki da na huɗu.

A Habasha akwai ƙaramin gari mai suna Bekoji, inda wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, ya shafe shekaru yana tara yara a fili. Daga hannunsa Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinaren tseren mita 10,000 a Barcelona a 1992, daga baya kuma Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. A Kenya, Colm O'Connell ya zo makarantar St. Patrick ta Iten daga ƙasar Ayalan a 1976 domin ya koyar da ilimin labarin ƙasa, bai taɓa horar da kowa gudu ba. A wannan makaranta Peter Rono ya taso ya ci zinaren mita 1,500 a 1988, kuma O'Connell ne ya horar da David Rudisha, wanda ya ƙare mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Waɗannan malamai biyu an ji sunansu ne domin ɗalibansu sun kai ƙololuwa. Nawa ne irinsu da suka yi aiki iri ɗaya, da haƙuri iri ɗaya, amma Allah bai ƙaddara wani zakaran duniya ya biyo ta ajinsu ba?

Su ne suka fi damuna, Ranki ya daɗe. Malamin da ya yi shekara 30 yana shata fili da hannunsa, yana raka yara gasa a ranar hutunsa, yana lallashin iyaye su bar 'yarsu ta yi gudu, yana rarrashin wanda aka doke. Mafi yawan yaran da suka bi ta hannunsa ba za su taɓa cin abinci da wasa ba. Ko a Amurka, inda wasannin jami'a suka fi ko'ina kuɗi da tsari, 'yan kaɗan ne ƙwarai ke zama ƙwararru. Sauran sukan zama malamai, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa, sun tafi da abin da ya koya musu na juriya da zuwa a kan lokaci da aiki tare da wasu. Ya yi ritaya, sabon shugaban makaranta ya zo, an share ɗakin ajiya, an watsar da tsofaffin takardun sakamako. Bayan shekara 10 babu wanda zai iya gaya maka wa ya fi kowa tsalle a wannan yanki, ko a wace shekara ce makarantar ta ɗauki kofi.

Akwai wuraren da suka magance wannan. A jihar Indiyana ta Amurka, tun 1962 suke da zauren karrama gwarzayen ƙwallon kwando na makarantun sakandaren jihar, 'yan wasa da masu horarwa, kuma gidan tarihinsa yana garin New Castle. Ƙungiyar da ke haɗa hukumomin wasannin sakandare na ƙasar ta kafa nata zauren a 1982. Jamaika kuwa tun 1910 take gudanar da gasar guje-guje ta makarantu da ake kira Champs, kuma domin ana adana sakamako, yaron da ke gudu yau ya san tarihin wa yake kora. Usain Bolt ta nan ya biyo, yana ɗalibin makarantar William Knibb. Waɗannan duka ba su dogara da wata fasaha mai tsada ba. Littafi ne da ake cikawa, da kwamiti mai gaskiya, da rana ɗaya a shekara.

Sai dai ko a Amurka akan makara. Morgan Wootten, wanda ya horar da 'yan ƙwallon kwando na makarantar sakandaren DeMatha daga 1956 zuwa 2002 ya kuma ci wasa 1,274, ya ci sa'a an shigar da shi babban zauren karrama gwarzayen ƙwallon kwando na Naismith a 2000 yana kan aiki. Guy Lewis, wanda ya horar da Hakeem Olajuwon a jami'ar Houston, sai a 2013 aka shigar da shi, yana da shekara 91, ya rasu bayan shekara 2. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, ni kuma na ƙara da cewa a yi shi mai shi yana da ƙarfin da zai miƙe ya karɓa da hannunsa.

Na san kwamitinki ya fara ba da lambar yabo ta aikin rayuwa ga masu horarwa tun 2017, mace ɗaya da namiji ɗaya. Madalla da hakan. Amma tana zuwa ne ga waɗanda suka horar da 'yan Olamfik, wato hannun ƙarshe. Roƙona ya shafi hannun farko.

Kina da kwamitocin Olamfik na ƙasashe 206, kina kuma da asusun tallafi na Olympic Solidarity da ke kai musu kuɗi. Ki ware wani ɗan kaso domin kowane kwamiti, tare da hukumomin ilimi na ƙasarsa, ya buɗe kundin gwarzayen wasannin makarantu yanki-yanki, a tattara tsofaffin sakamako da hotuna tun masu riƙe da su suna raye, a sa su a intanet inda kowa zai gani. Ƙungiyar wasannin makarantu ta duniya, ISF, da ta jami'o'i, FISU, suna da hanyar isa ga makarantun. Sannan duk ɗan wasan da ya yi rajistar zuwa Olamfik, a ba shi gurbi a takarda ya rubuta sunan malamin da ya fara horar da shi, kwamitinki ya aika wa malamin takardar godiya da sa hannunki. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba.

Abin da za a kiyaye shi ne kada kundin ya koma wurin raba lambobi ga masu muƙami da masu hannu da shuni, domin mun sha ganin bikin karramawa inda wanda ya biya kuɗin ɗakin taro ke komawa gida da allon yabo, malamin da ya sha rana kuma yana kujerar baya. A gindaya sharaɗi tun farko: shekarun aiki, da sakamakon da aka rubuta, da shaidar tsofaffin ɗalibai. A kuma sa ido kan mata, domin wasanninsu ne aka fi sakaci da rubutawa, ga kuma malamai mata da suka yi fama kafin a bar 'yan mata su shiga fili.

An tsara gasar Olamfik ta matasa a Dakar daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba, 2026, karo na farko da wani taron Olamfik zai sauka a Afirka. Kusan duk masu fafatawa a irin wannan gasa 'yan makaranta ne, malamansu na farko suna nan da ransu, kuma ba wuya a same su. Ina roƙon a fara karɓar sunayen daga matasan wannan gasa.

Allah ya yi miki jagora a wannan aiki.

Naki,
Wani mai bibiyar wasannin makarantu